Firgitar Dare Ga Ƙananan Yara: Mece Ce, Me Ke Kawo Ta, Kuma Me Iyaye Za Su Yi?

Akwai wata matsala da na sha jin iyaye suna kuka da ita a unguwanninmu, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan, Shagamu da Ama Hausa ta Owerri. Yaro ya wuni lafiya lau, ya ci ya sha ya yi wasa, ya kwanta. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ya tashi zumbur ya tsala ihu, ido a buɗe, jiki sharkaf da gumi, zuciya na dukan uku-uku. Uwa ta kira sunansa, ko kallonta ba ya yi. Ta rungume shi, ya ture ta. Can bayan 'yan mintoci sai ya sulale ya koma barci. Da safe a tambaye shi, bai san an yi ba.

Wannan ita ake kira firgitar dare. Ita kanta ba ta cutar da yaro, kuma mafi yawan yara suna daina ta da kansu. Inda haɗarin yake wuri biyu ne. Na farko, abin da manya ke yi wa yaron cikin ruɗewa. Na biyu, a ɗauki jijjiga ta gaske a matsayin firgita, a zauna a gida har lokaci ya ƙure. Shi ya sa na tattara bayanin a wuri ɗaya, domin mai buƙata ya riƙa dawowa yana dubawa.

Me ke faruwa a jikin yaron?

Barci hawa-hawa ne. Akwai mara nauyi, akwai mai nauyi ƙwarai, akwai kuma wanda ake mafarki a cikinsa. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma ya fi yawa wajen asuba. Ƙananan yara sun fi manya nitsewa cikin barci mai nauyi, shi ya sa za ki ɗauki yaro daga tabarma zuwa gado bai ko motsa ba.

To, idan ƙwaƙwalwa za ta fito daga wannan barci mai nauyi zuwa mara nauyi, wani lokaci sai ta maƙale a tsakani. Ɓangaren da ke motsa jiki da murya da bugun zuciya ya farka, ɓangaren da ke gane mutane da riƙe abin da ya faru yana can yana barci. Shi ya sa ido a buɗe amma bai gane uwarsa ba, shi ya sa kuma da safe ba ya tuna komai. Tun a 1968 wani likita mai suna Roger Broughton ya yi bayanin cewa firgitar dare da tafiya cikin barci daga barci mai nauyi suke tasowa, matsala ce ta rashin kammala farkawa. Wato dai 'yar uwar magagin barci ce da muka sani, sai dai ta fi shi ƙarfi.

Yawanci takan zo tsakanin awa 1 zuwa 3 da kwanciya. Takan ɗauki 'yan mintoci, wani lokaci ta kai minti 15, jefi-jefi ta wuce haka. Galibi sau ɗaya take zuwa a dare.

Su wa take kamawa?

An fi kai ƙorafinta a kan yara 'yan shekara 3 zuwa 8, amma tana farawa tun kafin nan. Wani bincike da aka yi a yankin Kwibek na ƙasar Kanada, aka wallafa a 2015, ya bi diddigin yara kusan 2,000 tun suna ƙanana. Ya gano cewa a shekara ɗaya da rabi, wajen yaro ɗaya cikin uku yana yin ta, daga nan sai ta riƙa raguwa yayin da yara ke girma. Ya kuma nuna tana bin jini: idan uwa ko uba sun yi tafiya cikin barci suna yara, 'ya'yansu sun fi saurin yi. Saboda haka kafin a fara zargin kowa, a buga wa kaka waya a gida a tambaye ta. Sau da yawa za ka ji ta ce, "Ai haka ubansa ya yi."

Maza da mata duk suna yi. Ba alama ce ta taɓin hankali ba, ba ta rage wa yaro ƙwaƙwalwa, ba ta kuma rikiɗewa ta zama farfaɗiya.

Bambancinta da mummunan mafarki

Mutane da yawa suna haɗa su, alhali maganinsu ma ya sha bamban.

Mai mummunan mafarki yakan farka sosai, yawanci can cikin dare ko wajen asuba. Ya san uwarsa, yana neman ta, yana ƙanƙame ta. Zai ce kare ya biyo shi ko dodo ya gani. Yana tsoron komawa barci, kuma da safe yana tunawa. Wannan rarrashi yake so, a rungume shi, a kunna fitila, a zauna da shi.

Mai firgitar dare kuwa a farkon dare yake yi, bai farka ba, bai san wanda ke gabansa ba, rarrashi ba ya shigarsa, kuma da abin ya wuce sai ya zarce da barci abinsa. Iyaye ne ke kwana da fargaba, shi kam ko a jikinsa.

Dannau kuma wani abu ne daban. Shi mutum ya farka yana sane amma ya kasa motsi na ɗan lokaci, kuma ya fi samun matasa da manya.

Bambancinta da jijjiga

Nan ne nake so kowa ya natsu, domin nan rai yake. Jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, maƙwabtanmu Yarbawa kuma suke ce wa giri, ga alamunta: jiki ya sandare, hannu da ƙafa su riƙa fizga a jere, ido ya kakkafe ko ya juye sama, haƙora su datse, wani lokaci kumfa a baki ko fitsari ya zubo, leɓe ya canza launi. Idan ta lafa yaro yakan yi laushi tiɓis, ya daɗe bai dawo daidai ba. Tana zuwa da rana ko da dare, kuma ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sau da yawa tare da zazzaɓi take zuwa.

Mai firgita shi ihu yake, yana wutsil-wutsil ko yana neman gudu, motsinsa irin na mai tsoro ne, numfashinsa na fita, launinsa bai sauya ba.

Idan jijjiga ce, a kwantar da yaro a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta masa riga, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo. Daga nan sai asibiti, musamman idan karon farko ne, ko ta wuce minti 5, ko akwai zazzaɓi. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, sanƙarau ma haka, kuma dukansu ba sa jiran gari ya waye. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, a Legas akwai kuma 767.

Idan an rasa gane wanne ne, wani ya ɗauki bidiyo da waya yayin da wani ke kula da yaron. Bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Abubuwan da ke tayar da ita

Babban dalili shi ne gajiya da ƙarancin barci. Yaron da ya gaji tiƙis barcinsa ya fi nauyi, fitowa daga cikinsa ta fi wuya. Masana barci sun ƙiyasta cewa ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana guda har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12.

Yanzu mu auna da zamanmu na kudu. Yaro a Legas ana tashinsa ƙarfe 5 na asuba saboda cunkoson hanya. Ya taso daga boko ya wuce lesin, daga lesin Islamiyya, wani har da makarantar dare. Uba bai dawo daga kasuwar Mile 12 ba sai 10 ta wuce, ɗaki ɗaya ne, talabijin a kunne, ba wanda zai kwanta sai kowa ya kwanta. Ka lissafa, yaron da ke buƙatar awa 11 da ƙyar yake samun 7. Ina mamaki in ya firgita?

Sauran abubuwan su ne:

Zazzaɓi ko wani ciwo a jiki, kamar ciwon kunne.

Cikar mara. Yaro ya sha ruwa ko shayi da yawa ya kwanta bai yi fitsari ba.

Ƙara cikin dare: janareton maƙwabci ya tashi, an buga ƙyaure, an dawo da wuta rediyo ya kwantsama.

Zafi da cizon sauro, da ƙaiƙayin dubura da ƙananan tsutsotsin ciki ke sa wa da daddare.

Sauyin wuri ko na lokaci: tafiya gida Arewa da Sallah a motar dare, sabon gidan haya, watan azumi da ake raba dare ana tashi sahur.

Damuwa: yaye, sabon ƙane, sabuwar makaranta, bugu, ko faɗan iyaye a gaban yaro. Yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, kamar rikicin kasuwa ko gobara, su ma barcinsu kan rikice.

Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda galibi kumburin tonsil ko naman bayan hanci ke kawowa. Wannan a asibiti ake duba shi. Kai yaro wajen wanzami a cire masa beli ba ya maganinsa, sai ma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Shayi mai ƙarfi, kofi da lemon kwalba masu hana barci da yamma, da wasu magunguna.

Abin yi yayin da take faruwa

Na farko, ki natsu. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, amma ki tuna yaron barci yake, ba ya jin zafin komai.

Kada a tashe shi da ƙarfi. Girgiza shi, ko yi masa tsawa, ko watsa masa ruwa, ƙara ruɗa shi suke yi, abin minti 5 sai ya koma na 20. Idan ma ya farka, zai buɗe ido ya ga mutane sun yi masa rumfa suna salati, sai tsoro na gaske ya shige shi.

Ki zauna kusa da shi, ki rage haske, ki riƙa magana a hankali da murya ɗaya: "Ga Mama nan, kwanta abinka." In ya yarda a taɓa shi, a shafa bayansa. In ya ture hannu, a ƙyale shi.

Aikinki shi ne tsaro. A janye risho, tukunyar gas, fitila, maganin sauro na kunnawa, bokitin ruwa da duk abu mai kaifi. In ya miƙe zai fita, a tare hanya a juyo da shi a hankali zuwa shimfiɗa, ba sai an danne shi ba. Masu zama a bene su tabbata an kulle ƙofar baranda da ta matakala, sakata kuma ta kasance inda hannunsa ba zai kai ba. Gidan da ke da rijiya a rufe ta. Kada a kwantar da irin wannan yaro a saman gado mai hawa biyu, katifa a ƙasa ta fi.

Idan ya lafa, a gyara masa kwanciya. In ya ɗan farka da kansa, a kai shi ya yi fitsari, ya koma.

Da safe kada a tsare shi da tambaya, kada kuma yayyensa su mai da shi abin tsokana. Yaron da aka ce masa "jiya aljanu sun kama ka" zai fara tsoron kwanciya, barcinsa ya ragu, firgitar ta ƙaru.

Abubuwan da za a kiyaye

A nan kudu mai ba da shawara ba ya ƙaranci, kowane ɗaki da nasa maganin. Ga waɗanda nake roƙon a guje musu ko wa ya kawo su.

Kada a ɗura wa yaro komai alhali bai farka ba, ko ruwa ne, ko manja, ko jiƙo. Yana iya sarƙewa ya wuce huhu.

Akwai haɗin da ake yi da fitsarin saniya da ganyen taba a wasu yankunan ƙasar Yarbawa domin giri. Likitoci a Ibadan sun daɗe da nuna cewa yana karya sukarin jinin yaro, yana iya kashewa. Ko da kyauta aka ba ki, ki yi godiya ki ajiye.

Kada a cusa cokali a baki, kada a gasa ƙafa a wuta, kada a sa albasa ko barkono a ido, kada a turnuƙe ɗaki da hayaƙi a rufe ƙofa.

Kada a je kemis a sayo maganin sa barci. Wasu kan ba yara Piriton ko Phenergan don su yi shiru, alhali ba don haka aka yi su ba, kuma Phenergan haramun ne a likitance ga yaron da bai kai shekara 2 ba. Maganin tari mai kodin tun 2018 gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Masu dogon tunani kuma ba su manta da maganin haƙori na My Pikin ba, wanda gurɓatarsa ta hallaka yara sama da 80 daga ƙarshen 2008.

Game da addu'a kuwa, ai tofa wa yaro Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya abu ne da muka taso da shi, kuma yana sanya natsuwa ga yaro da uwarsa. A ci gaba da yi. Abin da nake ja wa kunne shi ne mai maganin da zai ce a doke yaro don a fitar da iska, ko ya ce kada a je asibiti, ko ya nuna wata maƙwabciya ko kishiya ya ce ita ce. An raba zumunci da yawa a kan abin da ƙarin barcin awa biyu zai magance.

Yadda za a rage ta

A tsayar da lokacin kwanciya guda, har ranakun Asabar da Lahadi. In yaro yana kwanciya 10, a riƙa jawo lokacin baya da minti 15 duk bayan kwana biyu har a kai 8 ko 8 da rabi. Ɗan ƙasa da shekara 5 a bar shi ya yi barcin rana.

A yi masa tsari iri ɗaya kullum: abinci, wanka, fitsari, addu'a, 'yar tatsuniya mara ban tsoro, sai kwanciya cikin gidan sauro. A ɗauke waya da talabijin awa guda kafin nan. Fina-finan matsafa da bidiyon rikici da ake turowa a WhatsApp, a bari sai yara sun yi barci. In ɗaki ɗaya ne, ko labule a ja a tsakani, a rage murya.

Idan firgitar tana zuwa kusan kullum kuma a lokaci guda, akwai wata dabara da wani likitan yara a Landan, Bryan Lask, ya bayyana a 1988, har yau ana amfani da ita. Ki yi kwana biyar zuwa bakwai kina rubuta lokacin da ya yi barci da lokacin da ya firgita. Idan kin gane lokacin, sai ki riƙa tashinsa a hankali minti 15 kafin nan. Misali, in 11 yake yi, ki tashe shi 11 saura kwata, ya buɗe ido, ya yi fitsari in yana ji, bayan 'yan mintoci ya koma. A yi haka dare 7 a jere. Wannan yana katse zagayen barcin kafin ya kai inda yake maƙalewa, kuma yara da yawa suna dainawa. In ta dawo, a maimaita.

Maƙwabta da mutanen gida

Mu da ke zaune a gidajen haya masu ɗakuna suna kallon juna, ihun yaro da tsakar dare ba sirri ba ne. Wani zai zaci dukansa ake yi, wani ya kai ƙara wajen mai gida. Shawarata, a riga su. Da rana tsaka a samu na kusa a yi musu bayani da harshen da suke ji, Yarbanci ne, Ibo ne ko Turancin buroka: yaron yana firgita cikin barci, ba ciwo ba ne, in sun ji kada su taru, in ana buƙatarsu za a ƙwanƙwasa. Haka duk wanda yaron zai kwana wajensa, kaka ko gwaggo ko mai aiki, a gaya masa abin yi.

Maigida, kai ma da naka aikin. Uwar da ta kwana uku ba ta runtsa ba tana buƙatar a karɓe ta, ba a ce mata ita ta sangarta yaro ba.

Yaushe za a ga likita?

A je asibiti idan:

tana zuwa sau da yawa a dare ɗaya, ko kusan kullum har makonni;

tana wuce minti 30, ko tana zuwa wajen asuba maimakon farkon dare;

akwai sandarewa, fizga, kumfa ko sauyin launi;

akwai zazzaɓi, amai, sanƙarewar wuya ko yawan barci da rana;

yaron yana minshari, yana barci baki buɗe, ko numfashinsa na tsayawa;

ya ji wa kansa rauni ko yana fita waje;

ta fara bayan ya bugu a kai, ko bayan wani tashin hankali, ko bayan fara wani magani;

halinsa ya sauya da rana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina;

ya fara girma har ya doshi balaga bai daina ba.

Yaro mai sikila in ya tashi da kuka cikin dare yana sane yana nuna ƙashi ko ciki, wannan ciwonsa ne ya tashi, a bi shi da abin da likitansa ya tsara.

A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko babban asibitin jiha, su za su tura gaba in da buƙata. Akwai sashen yara a manyan asibitocin koyarwa, irin su LUTH da ke Idi-Araba, UCH a Ibadan, UBTH a Benin da UPTH a Fatakwal, ga kuma asibitin yara na Massey a tsibirin Legas. A tafi da takardar da aka rubuta lokutan, da bidiyon, da duk maganin da yaron ke sha, har na gargajiya. Wanda harshe zai ba shi wahala ya tafi da mai yi masa tafinta. Mafi yawan lokuta likita ba zai rubuta maganin firgita ba, zai nemi abin da ke tayar da ita ne ya magance. Sai in yana zargin farfaɗiya zai sa a yi gwajin na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, musamman iyaye mata masu goyon fari da ke nesa da gida, ba uwa ba kaka kusa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya.